Tausa Arba'in da Ɗaya

Tausa arba'in da ɗaya Shafa'atu take bi na, kuma yau shekararta ashirin da biyu a ƙasa. Ni Hindatu ban yi boko ba, allon ma ban kai ko'ina ba, amma abin da nic ci na mutane ba shi ɓace mani. Da kuɗi ne sai in ƙulle a gefen zane in kai ma magada in huta. Wanga ba a ƙulle shi.

Ga yadda anka yi. Sa'ad da nike da cikin autana Abdulmalik, maigidana, Allah shi jiƙan shi, ya tafi Agadas da gero, wata huɗu ba labari. Na riga na manyanta, ciki na takwas ke nan, ƙuguna kamar an aza mani buhu. Shafa'atu maƙwabciyata ce, 'yar Kalmalo, mai suyar kifi, katanga guda ta raba mu. Ba ta daɗe da aure ba sa'an nan. Kullum da hantsi in ta gama wanke kifinta sai ta zagayo da man kaɗe a 'yar kwalba, ta ce, "Yaya, kwanta ta gefe." Hannunta na ƙarnin tarwaɗa, ni ko har yau ban ji turaren da yak kai shi ba. Rana sittin da ukku tay yi tana tausa mani baya, har ran da nih haihu. Na ƙirga.

Ran suna nic ce mata, "Sittin da ukku kike bi na."

Tay yi dariya har tana dafa bango. Tac ce, "Yaya Hindatu, ke ko sallama anka yi miki sai kin ƙirga."

Nic ce ta yi dariyarta, ranar biya na nan tafe.

Sai da anka shekara takwas sannan Allah yab ba ta nata cikin. Mace ce mai ƙarfi, ba ta yarda ta kwanta mani ba sai can ƙarshe, nis samu nib biya goma sha tara. Tah haihu lafiya, ɗiya mace, anka sa mata Radiyya. Bayan suna da kwana biyu, tana cikin wankan jego, sai ƙafarta ta hagu tak kumbura daga sharaɓa har gwiwa, gudar kuwa lafiya lau. Nic ce sanyi ne yat taru. Nin narka mai, nis sa ƙarfina duka ina murza, ina kora shi sama kamar yadda nig ga iyayenmu na yi. Tana cije leɓe tana cewa, "Danna, Yaya, danna." Kwana ukku ina yi. Ran na ukku na gama ke nan ina wanke hannu, tat tashi za ta ɗauki jinjirar, sai tad dafe ƙirji tac ce numfashinta ba shi kaiwa. Kafin a samo mota ta cika. Mutane sunka ce kwana ya ƙare, ni ma haka nic ce. Nih haɗa ukkun nan da goma sha tara, ashirin da biyu ke nan. Saura arba'in da ɗaya, ga mai bi na ta tafi.

Radiyya wurin goggonta tat tashi a Amarawa. Ban ko san Abdulmalik ya gan ta ba sai ran da yaz zo shina sosa ƙeya shina zagaye-zagaye. Da yaf faɗi ko ɗiyar wa ce, nic ce to, shi je shi gaya ma kawunanshi. Ban nuna mashi komi ba. Amma da yaf fita nis shiga ɗaki niy yi raka'a biyu. Allah ya kawo mani magajiyar bashina har cikin gida.

Gidanmu ɗaki bakwai ne. A da in anka sauke tukunya sai an yi layi. Yanzu maigida ya rasu, 'yan mata duk sun tafi, ɗaya a Ƙonni, ɗaya a Lafani, biyu a Sakkwato. Manyan mazan kowa ya gina nashi. Abdulmalik kuwa motar albasa shike tuƙawa zuwa Kumasi, in ya tafi sai shi yi sati shida, in boda ta yi gardama har wata biyu. Sai mu biyu, ni a ƙuryar gabas, ita a ta yamma, ga tsakar gida tsakaninmu kamar filin Idi. Da safe ta zo ta durƙusa bakin ƙofa, "Inna, an tashi lafiya?" Ta aje kunu ta koma. Da rana ta kawo tuwo, ido a ƙasa. Yarinya ce mai kunya, ni ko suruka ce, haka anka san ana yi. Wani lokaci sai in wuni ban yi maganar da tak kai goma ba, rabinsu kuma da akuya.

Tun cikin na wata ukku nig gane, da nig ga ta daina shiga madafi in ana suyar albasa. Ba ta faɗa ba, ban tambaya ba, cikin fari ne. Nis sa anka sayo mani man kaɗe mai kyau daga Ƙonni, nit tura ƙarƙashin gado ina jira. Da cikin yay yi nauyi nakan gan ta tana shara, hannu guda a ƙugu. In ce, "Jiki dai?" Ta ce, "Lafiya lau, Inna." To yaya suruka za ta ce ma matar ɗanta ta kwance zane ta kawo baya? Ita ma yaya za ta roƙa? Kowa na jiran ɗan'uwa shi fara.

Sai wata Lahadi, ranar kasuwa, wani direba abokin Abdulmalik yak kawo saƙo a kwali. Injin tausa ne. Baƙi, da mariƙi kamar na tocila, da kai kamar ƙwallon goruba. Ana yi mashi caji da sola kamar waya. In an danna sai shi kama rawa shina ƙugi irin na zanzaro a cikin tulu.

Da la'asar Abdulmalik yak kira, Radiyya tak kawo mani wayar tat tsaya daga nesa.

Yac ce, "Inna, kin ga abin da nis sayo ma ɗiyarki? Ta ce baya na damunta. Yanzu ba sai an wahal da ke ba. Hannunki ya tsufa, ki huta."

Ashe shi ta gaya mashi, can Kumasi. Ni da nike taku ashirin da ita ba ta gaya mani ba.

Nic ce, "Allah shi yi albarka." Mi zan ce?

Daga ran nan kullum bayan azahar sai in ji ƙugin nan daga ƙuryar yamma. Ina zaune gindin dogon yaro ina tsince wake, shina ta yi. Na sha ɗauko kwalbar man nan in buɗe in shinshina in mayar. Ba na jin kunyar faɗi, kishi nike da abin da ba shi da rai. Har shi ma na ƙirga mashi, rana ashirin da ukku yay yi shina cin aikina.

Ran na ashirin da huɗu Talata ce. Cikin ya shiga wata na takwas. Tun jiya nil lura tana ɗingishi, in ta gan ni sai ta miƙe ta daidaita tafiya. Da hantsi nif fito zan ba akuya dusa, sai nij ji injin, ba ko lokacinshi ba ne. Labulenta a ɗage. Tana zaune bisa tabarma ta miƙe ƙafa, ta kafa kan injin a sharaɓarta ta hagu, ta danna da hannu biyu, ƙarar ta fi ta kullum. Hawaye na zuba mata ba ta ko sharewa.

Ban yi sallama ba, nis shiga. Tay yi sauri za ta ja zane.

Nic ce, "Bar shi. Tun yaushe?"

"Kwana biyu, Inna. Ba komi ba ne."

"Kashe abin nan."

Tak kashe. Ƙafar ta kumbura, fatar har sheƙi take, ta dama kuwa siririya yadda nis san ta. Gaskiya zan faɗa, abin da yaf fara zo mani daɗi ne. Nic ce a raina yau dai inji ya kasa, an dawo ga hannu. Nik koma ɗaki da saurin da na manta ina da shi, niɗ ɗauko man, nin narka bisa garwashi, niz zauna niɗ ɗora ƙafar bisa cinyata. Karo na farko ke nan da nit taɓa jikin yarinyar nan tun tana cikin tsumma.

Nis sa tafin hannu bisa sharaɓar. Zafi rau, kamar gefen tukunya. Ciki kuma tauri.

Tac ce, "Danna, Inna. Don Allah danna."

Ko muryar irin ta uwar. Hannuna yat tsaya da kanshi. Ni ban san sunan ciwo ba, ban san abin da ke cikin jijiya ba. Amma na yi shekara talatin ina kai kaya Ƙonni, kuma na san in hanya ta taɓa cinye mani kaya ba ni sake bin ta sai na tambayi wanda yas sani. Ƙafar hagu, guda ɗaya. Zafin nan, taurin nan. Waccan na danna kwana ukku. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jera abubuwan nan wuri guda ba sai ran nan.

Nis sauke ƙafar a hankali. Niɗ ɗauki injin nit tura cikin lalitata.

"Inna, mi ya faru?"

"Ba ni dannawa. Wanga ma ba shi sake taɓa ki. Ɗauko hijabinki, asibiti za mu."

"Awona sai Alhamis ta sama. In ba ki yi, ki ba ni abina in yi da kaina."

"Ba ni ba ki."

Sai yarinyar da ba ta taɓa duban idona ba taɗ ɗago kai. Tac ce, "Inna, dama tun ran da anka kawo shi ba ki son shi. Ina ganinki. In na kunna sai ki riƙa buga ƙwarya da ƙarfi. Wata takwas ina cikin gidan nan baya na cizona, ba wanda yac ce mani kawo in taɓa miki. Shi kaɗai ke taɓa ni, shi ma kin ƙwace."

Maganar ta shige ni har ƙashi, don rabinta gaskiya ne. Nic ce, "Na ji. Ki zage ni a hanya. Kar ki taka da ƙarfi, dafa ni."

Nif fita bakin titi nit tare keke napep, nic ce ma mai shi in ya faɗa rami guda da ɗiyata sai na kai ƙararshi wurin uwarshi, na san ta. Har munka isa fuskar Radiyya na waje.

Malamar da ke duba masu ciki Sadiya ce, ɗiyar Bashar mahauci, a gabana anka yanke mata cibi. Tana ganina tac ce, "A'a, tsohuwa, yau ke ma awon kinka zo? Wata nawa?"

Nic ce, "Naki nike jira, kin tsaya auna na mutane. Zo ki duba ƙafar nan, bar wasa."

Da taɗ ɗaga zanen sai dariyar taɗ ɗauke. Taɗ ɗauko tef irin na tela tag gwada ta dama, tag gwada ta hagu. Tat tambayi Radiyya ko ƙirji na mata ciwo, ko numfashi na yanke mata, ko tana tari. Tac ce a'a.

"An murza?"

Nif fito da injin nid dangwara bisa tebur. Nic ce, "Ga mai murzar. Kwana biyu."

Sadiya tak kama haɓa. Tac ce, "Radiyya, ke da kinka yi sakandare? Ba mun ce in ƙafa guda ta kumbura ita kaɗai, da zafi, a zo nan take ba?"

"Na ɗauka irin kumburin masu ciki ne."

"Wannan ƙafa biyu shike kamawa, kuma in kin ɗaga su shi sauka. Wanga daban ne. Mai ciki jininta na saurin daskarewa. Wani lokaci sai gudan jini shi toshe jijiyar ƙafa. In shina zaune wuri guda, akwai magani. In anka murza ko anka girgiza shi, shina iya ɓallewa shi bi jini shi tafi huhu. In ya kai can, wata ko mota ba ta jira."

Ita da Radiyya take magana. Ba ta san ta jefe ni ba. Niz zauna bisa benci ba wanda yac ce in zauna.

Sadiya tac ce, "Ke kuma tsohuwa, na san ku da man kaɗe. Ba ki sa hannu ba dai?"

Radiyya ce tab ba da amsa. Tac ce, "Na roƙe ta, taƙ ƙi."

"To yau kin ci tuwonki, tsohuwa. Ban tabbatar ba sai an yi hoto, mu ko ba mu da na'urar. Sakkwato za ku, yanzu, ba gobe ba."

Tay yi mata allura guda, tar rubuta takarda. Munka ɗauki shatar mota, Radiyya a baya ta miƙe ƙafa, ni ina riƙe da kanta. Duk ramin da munka shiga tsakanin Illela da Sakkwato sai in dubi ƙirjinta in ga ko shina ɗagawa. A Gwadabawa tay yi tari sau ɗaya, ƙura ce, amma sai da raina yaf fita yad dawo.

Anka yi hoto, gudan jinin na nan, bai motsa ba. Kwana huɗu munka yi. Anka ɗora ta bisa allura kullum, har ta haihu, har bayan haihuwa da sati shida. Abdulmalik na ta kira daga Kumasi shina kuka kamar yaro, wai shi yas sayo abin da zai kashe mashi mata. Likitar da ke duba ta tak karɓi wayar tac ce mashi ba injin yak kawo ciwon ba, kuskuren inda anka ɗora shi ne, da kuma rashin tambaya. Ni dai nic ce mashi shi share hanci shi kula da titi.

Da munka dawo Illela munka koma wurin Sadiya. Radiyya ta shiga gwajin fitsari, nis samu Sadiya ita kaɗai tana cin gyaɗa.

Nic ce, "In tambaye ki. In mace ta haihu, ƙafarta ta yi irin haka, wata ta murza mata kwana ukku da ƙarfi, ran na ukku ta dafe ƙirji ta faɗi. Murzar ce?"

Tad daina tauna. Tad dube ni da kyau. Yarinyar na da hankali, ba ta tambayi ko wa ce ba.

Tac ce, "Inna, tana yiwuwa. Kuma shina ɓallewa da kanshi ko ba a taɓa ba, mun sha gani. Ba wanda zai iya ce miki ga wanda yaf faru. Wadda tam murza ba ta sani ba."

"Ban tambaye ki ko ta sani ba."

"To iyakar abin da nis sani ke nan."

Nic ce na gode. Sannan nit tambaye ta bayan yarinyar, tun da har yanzu shina cizonta. Tac ce a kwantar da ita ta gefe, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Kafaɗa da gadon baya da ƙugu, shafa da tafin hannu, ba danna ba, don allurar na sa jini saurin kwanciya a fata. Ciki ba a matsa shi. Ƙafa kuwa ko da wasa. Injin a aje shi sai likita ta ce.

Washegari da hantsi niɗ ɗauki kwalbar nit tsallaka filin nan na tsakar gida. Nit tsaya bakin ƙofarta nic ce, "Radiyya, kwanta ta gefe." Tak kwanta, fuska ga bango.

Ɗaya. Biyu. Ukku. Ashe magana ta fi sauƙi in mutum ya ba ka baya. Tana duban bango take gaya mani abubuwa, yadda take tsoron haihuwa, yadda in ta ji motar albasa ta wuce sai ta leƙa ko tashi ce. Ni kuma ina ba ta labarin uwarta, yadda take faɗa da masunta a bakin tafki, yadda take waƙa in tana suya, muryar ba daɗi amma ba ta bari. Radiyya ba ta da ko hoton uwar. Wata rana tac ce, "Inna, hannunta babba ne ko ƙarami?" Nic ce kamar naki, sai dai nata duk tabon ƙaya.

Ran na goma sha bakwai nig gaya mata. Ban shirya ba, hannuna na bisa kafaɗarta maganar taf fito. Nif faɗi sittin da ukku, nif faɗi goma sha tara, nif faɗi ƙafar da kwana ukkun, da abin da Sadiya tac ce, duka biyun, ban rage ba ban ƙara ba.

Ina jin akuya na tauna a waje. Bayanta yay yi tauri ƙarƙashin hannuna. Na ɗauka za ta tashi. Nij janye hannu.

Can tac ce, "Ita tac ce ki danna?"

"Ita tac ce."

"Ni ma haka nic ce miki."

Sannan tac ce, "Inna, man na sanyi. Ɗan ƙasa kaɗan, wajen hagu."

Nim mayar da hannu. Ba mu sake tayar da maganar ba sai ana gobe za mu koma Sakkwato, don likita ta ce a zo kafin naƙuda. Ran nan tac ce mani in don ita ce ta yafe, duniya da lahira. Nic ce Allah shi yi mata albarka. Ban gaya mata ba, amma ba ita ke bi na wannan ba.

Arba'in da ɗayan sun cika ran wata Alhamis. Ba mu tafi ba sai bayan 'yan kwanaki, kuma kullum ina zuwa da kwalbata. Nawa nik ƙara? Ban sani ba. Tun da nike ban taɓa yin abu ban ƙirga ba sai wannan.

Ta haihu lafiya, namiji, anka sa mashi Usama. Abdulmalik ya iso ana gobe suna, ya kwana biyar ya koma. Goggonta taz zo daga Amarawa tat tafi da ita wanka, haka al'ada take, ba ni da ta cewa. Sai da nib bi su har mota ina gaya ma goggon, allura kullum, ruwa kar shi cika zafi, ƙafar nan kuwa ko wa yaz zo da mai a kore shi. Tac ce, "Hindatu, ni ma na yi jego tara." Nic ce na sani, ki dai kore shi.

Yau kwanansu goma sha ɗaya da tafiya. Gida ya koma ni da akuya. Jiya nis shiga ɗakinta zan buɗe taga, nig ga ta bar injin bisa gado, ta yi mashi caji, ta naɗe a ɗankwalina da nim manta can. Kafaɗata ta dama ta daɗe tana damuna, ashe ta lura. Na tambayi Sadiya a waya, tac ce in sa kaɗan-kaɗan, tsohuwar kafaɗa ba ciki gare ta ba. Da la'asar niz zauna gindin dogon yaro nik kunna. Shina aiki, ba zan yi mashi ƙarya ba. Sai dai ba shi da ɗumi, ba shi ƙarnin kifi, kuma ba shi cewa in kwanta ta gefe.

Ina zaune nis sake lissafin daga farko. Goma sha tara na biya Shafa'atu a bayanta. Arba'in da ɗaya na biya a bayan ɗiyarta. Ukkun nan na ƙafa, da nid daɗe ina sa su cikin abin da nib biya, na cire su. Ko su ne, ko ba su ne ba, ba biya niy yi ba a kwanakin nan. Sittin ke nan cikin sittin da ukku. Saura ukku, kuma ba bayan da zan shafa su fita. Na bar su sai mun gamu, in ji ko har yanzu za ta yi mani dariya.